Kwandon Hajja Nafusa Mai Hawa da Kansa

A lungunmu na unguwar Bahari, a Iskandariya, mace mai mutunci ba ta sauka daga bene saboda tumatir. Kwando take zurawa da igiya daga baranda, mai kaya ya zuba, ta ja sama, ta dudduba, ta mayar masa da ruɓaɓɓun, ta zage shi, ya rantse da 'ya'yansa, sannan kuɗi ya sauka. Ni ce Badriya mai ɗinki. Barandata tana hawa na huɗu, tana fuskantar gidan da abin ya faru, saboda haka kada wani ya zo ya ba ku labarin nan a karkace. Da idona na gani.

A hawa na biyar na wancan gidan Hajja Nafusa take, tun tana amarya. Ƙafafunta sun daɗe da yin sallama da matakala, amma muryarta ko gezau. Da ita muke sanin gari ya waye, idan ta leƙo ta ƙwala wa Am Shahata mai amalanken kayan miya kira.

"Shahata, marar tsoron Allah! Jiya kabeji ka sayar mini ko tsumman goge takalmi?"

"Hajja, wallahi kabejin nan ko matar gwamna ba ta samu irinsa ba!"

"To Allah ya jiƙan gwamna da yunwa. Zuba tumatir, kuma ina kallon hannunka."

Kullum haka, kuma babu wanda ya taɓa gajiya da ji. Sai kafaɗarta ta fara ciwo. Wata safiya tana jan kwandon dankali ya fi ƙarfinta, ya fizge ta har ƙirjinta ya bugi ƙarfen baranda, igiya ta suɓuce, dankali ya yi ruwa a kan jakin Am Shahata. Kafin azahar labari ya kai kunnen autanta, Dakta Wagdi likitan haƙori, wanda yake zaune a wani sabon gari can bayan Alƙahira, inda kowane gida da katangarsa da mai gadinsa, ba mai talla, ba maƙwabcin da za ka yi faɗa da shi. Washegari sai ga shi. Ya ce magana ta ƙare, uwarsa ba za ta mutu a kan dankali ba, zai tafi da ita.

Na hau na same ta zaune a bakin gado ta yi tagumi. Ta ce mini, "Badriya, in na je can na leƙa taga, wa zan zaga?" Na yi dariya, amma sai da na juya baya na goge ido, don na san in aka fitar da matar nan daga lungun nan ba za ta kai baɗi ba.

A nan ne babban ɗanta ya shigo maganar.

Ragib yake da suna, a hawan ƙasa na gidan yake zaune, amma in ka kira shi Ragib kawai ba zai waiwayo ba. Sai ka ce Bashmuhandis, wato babban injiniya, kuma shi ya naɗa kansa. Idan ka gaishe shi da safe, tarihin aikinsa za ka sha kafin ya amsa. Zai ce maka ya yi aiki a harkar sufuri, alhali tikiti ya huda a jirgin ƙasan cikin gari. Zai ce ya riƙe sashen sadarwa, alhali tsani ya riƙe wa masu gyaran wayar tarho. Zai ce ya yi karatu a Jamus. Gaskiyar ita ce jirgin ruwan da yake wanke-wanke a cikinsa ya taɓa tsayawa a wata tashar Jamus, shi kuma yana kwance da zazzaɓi, ta 'yar taga ya hango ƙasar. Bangon ɗakinsa cike yake da takardun shaida cikin firam mai ruwan zinariya, har da ta gama firamare, da ta koyon iyo, da ta ba da jini. Shi ya ƙirƙiro laima mai fanka a ciki, da takalmi mai ƙararrawa don kada mutum ya ɓata. Matarsa kuwa ta koma gidansu ne ranar da gadon da ya ƙera mai tada mutum sallar asuba ya cilla ta kan kabad.

A bakin ƙofar gida 'yan'uwan biyu suka yi ta, duk lungu muna leƙe.

"Umma ba inda za ta," in ji Ragib, yana gyara tabarau. "Matsalarta ta injiniyanci ce, ba ta haƙori ba. Ka tsaya inda Allah ya ajiye ka."

"Yaya Ragib, don girman Allah kada ka haɗa uwarmu da wayar lantarki."

"Ka ga abin da rashin fita waje yake jawowa? A Jamus ko jariri ba ya jan igiya da hannu."

"Me ka gani a Jamus ban da rufin ɗakin jinya?"

"Rufin ma na Jamusawa ne, yaro. Ka ba ni zuwa ƙarshen wata. Kwando zai sauka da kansa, ya hau da kansa, Umma tana zaune tana jan carbi."

Dakta Wagdi ya dube shi ya dube shi, sannan ya ɗaga murya don kowa ya zama shaida. "Na ji. Ranar Juma'ar ƙarshen wata zan dawo da mota. In kwandonka ya ɗauki tumatir daga hannun Am Shahata ya kai wa Umma ba ta taɓa igiya ba, na bar ta. In bai kai ba, ta shiga mota, kai kuma ka ɗauko mata akwati."

Daga sama Hajja ta ce, "Ragib, in ka kunyata ni, ban yafe nonona ba."

"Umma, ki fara shirya abin da za ki faɗa wa 'yan jarida."

Abu na farko da ya yi shi ne kwance injin wankin uwar tasa. Ya ce injin da ya iya juya bargo jiƙaƙƙe, kwandon tumatir wasa ne a wurinsa. Ya haɗa shi da ƙafar keke, da sarƙar babur, da wani tsohon ƙarfen jan angar jirgin ruwa da ya sayo wurin masunta, ya ɗaure duka a barandarta. Ya janyo wuta kai tsaye daga falwayar bakin titi, wai mitar gida ba ta da ilimin da za ta fahimci aikin. Sannan ya kewaye injin da keji, ya sa kwaɗo, ya rataya makullin a wuyansa.

Na leƙa na ce, "Bashmuhandis, kwaɗon na mene ne?"

"Ɓarayin basira, Sitt Badriya. Kin san Japanawa ba sa barci."

"Japanawa za su hau bene biyar su saci injin wankin Hajja?"

"Ke dai ki ji da allurarki."

"To in ya rikice, ta ina ake kashe shi?"

"Ba ya rikicewa. Wanda ya sa wa injinsa makashi, bai yarda da kansa ba ne."

Ya tafi Alƙahira ya dawo da takarda mai hatimi. Abin da aka rubuta a jiki shi ne an karɓi buƙatarsa ta rajistar ƙirƙira, za a duba. Shi kuwa ya sa ta a firam mafi girma, ya zaga da ita gidajen shayi yana cewa duniya ta amince. Sunan abin da ya ƙirƙiro ya cika layi biyu, mu dai kwando muka ci gaba da ce masa. Na tambaye shi ko ya gwada, ya ce gwaji na masu shakka ne.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lungu ya cika. Ragib ya yi hayar kujeru, ya sa kwat da lakataye a wannan zafin, ya jera takardun shaidarsa a kan tebur suna fuskantar jama'a. Dakta Wagdi ya iso cikin farar mota da farar riga, ya buɗe bayan motar ya bar shi a buɗe don kowa ya ga wurin akwati. Mata muna baranda. Hajja Nafusa tana can sama da sabon mayafi, ta dafa wa autanta tantabaru da tukunyar miyar lalo, ko ta zama ta murna ko ta bankwana.

Ragib ya yi jawabi. Ya fara daga firamare. Yana isa Jamus Am Shahata ya ce, "Bashmuhandis, tumatir na nuna a hannuna." Sai ya haƙura, ya ɗaga hannu sama ya ce, "Umma, murɗa!" Hajja ta zura yatsu ta cikin keji ta murɗa abin murɗawar injin wankinta kamar yadda ta saba.

Wallahi kwando ya sauko. Sumul, ba gargada, har gaban amalanke. Am Shahata ya zuba tumatir, kwando ya ɗaga, jama'a suka ɗau kabbara, mata suka rangaɗa guɗa. Ni kaina na ce ashe dai mun zalunci bawan Allah. Ya wuce hawa na ɗaya. Ya kai hawa na biyu. Sai ya tsaya cak.

Duk macen da ke baranda ta gane abin da ya faru, in ban da mai takardun shaida. Injin wanki ne. Ya juya nan, ya huta, ya juya can, ya huta. Wanki yake yi.

Kwando ya tsaya daidai hancin Sitt Itimad ta hawa na biyu, wadda ba ta magana da Hajja tun wata rigimar shanya da ta ɗiga mata ruwa a kan barkono. Dakta Wagdi ya dubi agogo ya dubi yayansa.

"Ya lalace ke nan?"

"Lalace?" in ji Ragib, gumi na bin wuyansa. "Haka na tsara shi. Wannan inji ya san haƙƙin maƙwabtaka. Sitt Itimad, Umma ce ta aiko miki da wannan, ta ce komai ya wuce!"

Da ma ƙasa ta haɗiye shi kafin ya faɗi haka. A wurinmu, kwanon da ya shigo gidanka da abinci ba ya komawa wayam, ko da gishirin gidan za ka juye a ciki. Sitt Itimad ta dafe ƙirji, ta kwashe tumatir tana hawaye, ta ruga ciki ta fito da tukunyar mahshi, ganyen kabeji naɗe da shinkafa da ta wuni tana naɗewa, ta dire a kwando.

"Ki yafe ni, Hajja! Ni ce mai laifi!"

"Tumatirina!" in ji Hajja daga sama. "Itimad, mayar mini da tumatirina!"

Amma inji ya gama hutawa, ya juya ɗaya gefen. Kwando ya sulalo ƙasa ya tsaya gaban Am Shahata, mahshi na tururi.

"Wannan kuma fa?" in ji Dakta Wagdi.

"Tukuicin mai kaya," in ji Ragib. "Shafi na uku na takardar rajista. Am Shahata, naka ne."

Am Shahata mutumin kudu ne, daga ƙauyukan Sa'id, irin waɗanda in ka ba su shayi sai sun yanka maka rago. Ya cire tukunya, ya gyara rawani, fuskarsa ta yi jawur.

"Ni za a yi wa kyauta a gaban mutane? Na rantse da kabarin ubana ba a fi ni ba!"

Ya ɗora kankana biyu da kabeji uku, ya ƙara da damin albasa. Kwando ya yi ƙara ya tashi. Ya wuce Sitt Itimad, ya tsaya a hawa na uku, gaban Umm Girgis, wadda surukinta yake zuwa cin abinci a ranar. Ba ta ma jira Ragib ya yi bayani ba. Ta yi alamar gicciye, ta kwashe kankana, ta shiga ta fito da gasasshiyar agwagwa a faranti.

Mijinta ya biyo ta da cokali a hannu. "Agwagwar baƙo ce fa!"

"Baƙo ya ci kankana! So kake a ce gidan Girgis ne kwando ya fita wayam?"

Agwagwa ta sauka hawa na biyu. Sitt Itimad ta ga agwagwa, ta ce Hajja ta gama da ita, ta juye tiren kifin da ta soya wa 'ya'yanta, yara na kuka suna riƙe mata riga. Kifi ya sauka ƙasa. Am Shahata ya sake rantsuwa, wannan karon da sakin matarsa, ya ɗora buhun dankali. Dankali ya hau wurin Umm Girgis, ta rasa abin bayarwa, ta kwance agogon bango. Mai gidan shayi ya ga ana yi ba shi, ya jefa ƙullin sukari. Mahauci ya aiko da ƙafar saniya. Wani baƙo da ya zo wucewa kawai, kwando ya tsaya a gabansa, ya rasa yadda zai yi, ya cire hularsa ya saka.

Ni ma ba zan ɓoye muku ba. Na tsaya ina cewa waɗannan mutane sun haukace, sai na ji Umm Girgis tana tambayar wata ko Badriya ta ba da wani abu. Ban san lokacin da na sauka bene huɗu da tiren basbusa, kek ɗinmu mai zaƙi, a kaina ba.

Duk wannan hidimar, ko ƙwayar tumatir ɗaya ba ta kai hawa na biyar ba. Hajja ta leƙo har mayafinta na faɗuwa.

"Ragib! Ɗan banza! Ana ta biki da sunana, ni ko ƙamshi ban ji ba!"

"Haƙuri, Umma, yana bin tsari ne. Daga ƙasa ake gina al'umma."

"Yaya, kashe abin nan," in ji Dakta Wagdi.

"Ba a kashe shi."

"Me?"

"Sai ya gama da kansa. Haka ake yi a Jamus."

Kamar inji ya ji an ambaci garinsu, sai ya yi dogon juyi, kwando ya haura har gaban Hajja. Dakta Wagdi ya ɗaga kai ya ce, "Umma, akwai tumatir a ciki?"

Ta leƙa. "Akwai ƙafar saniya, da basbusa, da hular wani."

"Sharaɗi tumatir ne."

Ni na ɗauka za ta kwashe ta yi shiru. Ina! Hajja Nafusa ta ga duk lungu ya yi mata aike, ita da ba a taɓa fin ta ba tun tana amarya. Ta shiga ciki tana jan ƙafa, ta dawo da tantabarun autanta, ta sake komawa ta rungumo tukunyar miyar lalo, babbar, ta taron suna, ta dire a kwando ba murfi.

"Ku ci, 'yan baƙin ciki! Kada a ce Nafusa ta mutu da kwanon wani a gidanta!"

Kwando ya sauko zuwa tsakiyar gida ya tsaya. Inji ya yi shiru, sannan ya yi wani ɗan ƙas, ya fara wani kuka siriri yana ƙaruwa. Sitt Itimad ce ta fara ganewa. Ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu.

"Matsa! Ya kai wurin matse kaya! Ku gudu!"

Ragib ya buɗe baki zai ce haka ya tsara, amma bai samu dama ba. Igiya ta murɗe, kwando ya fara juyawa, ya buɗe da'ira har yana shafar barandata. Kun san miyar lalo da yauƙi. Ba zuba ta yi ba, zare ta yi ta saƙawa daga wannan bango zuwa wancan. Ta yi wa farar motar Dakta Wagdi ɗamara, ta yi wa farar rigarsa, ta shafe takardun shaida tun daga firamare har ba da jini. Tantabaru suka tashi sama karo na ƙarshe a rayuwarsu, ɗaya ta sauka a cinyar limamin lungu. Jakin Am Shahata ya tsorata ya ja amalanke ya bi ta kan kujerun haya. Masu gudu suna zamewa, masu taimakonsu suna zamewa a kansu.

"Kowa ya kwantar da hankali!" in ji Ragib. "Rabon abinci ne na bai ɗaya!"

Kwando ya yi ƙasa-ƙasa yana shirin fasa gilashin motar, sai Bashmuhandis ya yi ta maza, ya daka tsalle ya rungume shi. Ƙarfen da aka ƙera don jan anga bai san bambancin injiniya da anga ba. Ya ɗaga shi. Muka ga takalmansa sun bar ƙasa, lakataye na kaɗawa, yana juyawa yana hawa, makullin keji na lilo a wuyansa, wato makullin da ake buƙata a hawa na biyar yana rataye a sararin Allah.

Ya tsaya gaban Sitt Itimad, kore shar da miya. Ta dube shi sama da ƙasa, ta leƙa sama.

"Hajja, wannan ma aike ne? Don wallahi ba ni da abin da zan mayar, sai dai mijina."

Ya sauko wurin Am Shahata. Am Shahata ya ja da baya. "Wannan kam ruɓaɓɓe ne, a mayar wa mai shi."

Ya sake hawa. Yana tunkarar Umm Girgis yana ce mata, "Kin ga ƙarfin injin? Mutum guda cur! Wannan ma sai na je an yi masa rajista daban." Bai rufe baki ba falwaya ta yi tartsatsi, wutar unguwa gaba ɗaya ta ɗauke, ƙarfen barandar Hajja ya lanƙwashe ya leƙo titi. Ragib ya tsaya tsakanin hawa na biyu da na uku yana lilo a hankali.

Dariyar da aka yi, har da masu birgima a cikin miya. Amma ba ta daɗe ba. Dakta Wagdi ya share fuska da hannu, ya ɗaga kai, ya yi magana ba tare da ihu ba.

"Umma, haɗa kayanki."

Nan take kowa ya tuna abin da aka taru a kai. Hajja ta dubi lanƙwasasshen ƙarfe, ta dubi titi, ta juya ciki, kuma a iya sanina wannan ne karo na farko da aka gaya mata magana ba ta mayar ba. Muka hau, ni da Umm Girgis da Sitt Itimad. Ba ta yarda an ɗauke ta a kujera ba. Ta dafa kafaɗata ta dafa ta Itimad, muka riƙa saukowa tana hutawa a kowane hawa, tana shafa bango da tafin hannu. Itimad kuka take kamar an yi mutuwa. Da muka fito ƙofa, maza suka buɗe mata hanya, Am Shahata ya juya baya yana gyara wa jakinsa linzamin da ba abin da ya same shi.

Dakta Wagdi ya buɗe mata ƙofar mota. Ta tsaya tana haki, ta dubi motar, ta dubi ƙofar da ke gefenta ta hawan ƙasa, sannan ta ɗaga kai wurin wanda ke lilo.

"Kai, mutumin Jamus. Jefo makullin ɗakinka."

"Umma, ɗakin bincike ne, akwai sirrin..."

"Jefo, ko in sa a yanke igiyar."

Makulli ya faɗo. Ta buɗe ta shiga. Jim kaɗan taga ta buɗe, laima mai fanka ta fito ta faɗi a titi. Takalmi mai ƙararrawa ya biyo ta, sai ƙafafun keke, sai wayoyi, sai wani abu mai kama da tukunya da ba wanda ya san ko mene ne. Sannan ta leƙo da kanta.

"Wagdi, me ka ce zai kashe ni?"

"Bene da igiya, Umma, amma..."

"Ina benen? Na sauko, kuma ba na sake hawa. Nan zan zauna. Wancan da yake son sama, ga shi can ya kusa kaiwa, a miƙa masa takardunsa ya ƙarasa."

Dakta Wagdi ya dubi uwarsa a taga, gwiwar hannunta a kan dakali kamar a nan aka haife ta, ya dubi lungu duk mun zuba masa ido cikin miya. Ya je ya rufe bayan motarsa a hankali. Guɗar da muka yi, na tabbata an ji ta a bakin teku.

Daga sama wata murya ta ce, "Jama'a ku shaida, wannan shi ne mataki na biyu na shirin! Na rage nisan da ke tsakanin Umma da kasuwa daga hawa biyar zuwa babu!"

"A bar shi a nan sai na gama shara," in ji Hajja. Haka kuwa aka yi, sai la'asar aka turo amalanke ƙarƙashinsa aka sauke shi a kan kabeji.

Washegari da safe ina kwance ina tunanin ko lungu zai koma yadda yake, sai na ji ƙarar amalanke. Na leƙa. Tagar hawan ƙasa ta buɗe, wani ɗan kwando ya fito a ɗaure da igiyar da ba ta fi kamu ɗaya ba, ya sauka ya tsaya a gefen taya. Am Shahata yana tsaye dab da ita, in ya miƙa hannu zai taɓa mayafinta. Ya dube ta ido da ido, ya rikice, don bai taɓa yi mata ƙarya daga kusa ba. Sai ya ja da baya har tsakiyar titi, ya ɗaga kai sama, ya kewaye baki da tafin hannu ya ƙwala ihu.

"Hajja! Tumatir na yau ko matar gwamna ba ta gan shi ba!"

Ita ma ta cika ƙirji, ta saki muryar nan tata har tagogin hawa na biyar suka amsa.

"Ƙarya kake, Shahata, daga nan ina hango ruɓaɓɓe! Zuba, kuma ina kallon hannunka!"